Ragon da Dogo Ya Yanka wa Abokin Shari'a

Duk wanda ya taɓa neman motar zuwa garin Madani a tashar Suk al-Shabi ya san muryar Dogo, ko da bai san fuskarsa ba. Ɗan kamasho ne, kiran fasinja ne abincinsa, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabansa. In ka tambaye shi sana'arsa sai ya gyara zaman rawani ya ce shi mutumin shari'a ne. Asalin maganar kuwa, ya taɓa yin wata huɗu yana sayar da farar takarda da biro a ƙofar wata kotu a Bahri, kafin masu gadi su kore shi saboda yawan ba mutane shawarar da ba su tambaya ba. Tun daga lokacin ya ɗauka bambancinsa da alƙali kujera ce kawai.

Ana nan sai shari'a ta biyo shi har gida.

Ƙanwarsa Barira mai shayi ce a kasuwar Alhilla Kuku, kuma gida ɗaya suke zaune, katanga ce ta raba sasanta da nasa. Mijinta Salahuddin tela ne. Wata ranar Talata ya ce mata zai tsallaka kogi zuwa Umdurman ya sayo zare. Shekara uku ke nan da wata biyu. Bai mutu ba, bai ɓata ba. Shago ya buɗe a layin teloli, yana kwana a bayan shagon, har ya ajiye tumbi. Barira kuwa ta zauna a tsakiya, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Da ta gaji, sai ta yafa mayafinta ta kai ƙara, ta ce a raba auren tunda mijin ya ƙaurace mata.

Ranar zaman farko Salahuddin ya iso cikin farar jallabiya, turarensa ya riga shi shiga kotu.

"Ni, Maulana? Na ƙaurace?" ya ce wa alƙali yana dafa ƙirji. "Kowace Juma'a ta Allah ina gidana."

Alƙali ya dubi Barira. "Yaushe rabonki da shi?"

"Tun ranar da ya tafi sayen zare."

"Zaren fa?"

"Har yau ana jira, Maulana."

"Zare mai kyau wuya gare shi," in ji Salahuddin, ko kunya babu.

Ba wai son Barira ne ya hana shi sakinta ba. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne a ce a layin teloli mace ta kai shi kotu ta kayar da shi. Alƙali ya ce to, ita ce mai ƙara, ta kawo shaidu nan da mako biyu.

A nan gizo ya yi saƙa. Kaf unguwar babu wanda bai san gaskiyar Barira ba, kuma babu wanda ya yarda ya je ya faɗa. Ta fara da Haja Uwa, tsohuwar da ta yanke cibiyar rabin mutanen layin.

"'Yata, gaskiyarki a fili take," in ji Haja Uwa. "Amma ni da furfurata in je in ɗaga hannu a kashe aure? In dai gyara ne, ko Kassala ce, duk nisanta, zan je a ƙafa."

Ta je wurin Almahdi mahauci, ya ce shi nama yake rabawa, ba ya raba aure. Haka ta zaga gida tara, ta sha shayi tara, ta dawo babu shaida ko ɗaya. Ta zauna a bakin murhu ta yi tagumi, don ta san in ta koma kotu hannu rabbana, za a kori ƙarar, ta ci gaba da zaman jiran zare har tsufa.

Sai ga Dogo ya leƙo ta kan katanga.

"Shaidu!" ya ce. "Shaidu ai aikin wanda bai san doka ba ne. Mu a kotu hujja muke bi. Saurara ki ji. Shekarar ambaliya, da katangar gaba ta faɗi, ba mun toshe tsohuwar ƙofa mun buɗe sabuwa ta lungun baya ba?"

"Mun yi."

"Yana nan aka yi?"

"Ba ya nan."

"Kalas, an gama! Zan ɗauko shi daga Umdurman, in tsayar da shi a bakin layi, in ce wuce gaba. Kai tsaye zai nufi tsohuwar ƙofa, ya yi karo da katanga. Ni kuwa wayata tana aljihu tana ɗauka. Mutumin da ke zuwa kowace Juma'a bai san ƙofar gidansa ba! Alƙali da kansa zai tambayi inda na yi karatu."

"Yaya, don girman Allah ka bar ni da abina."

"Na gama magana."

Matarsa Khadiga, da ke wanke-wanke a sasansu, ta ce, "Wancan karon da ka gama magana da mai gyaran wuta, wata biyu muka yi da fitilar hannu."

Dogo bai kula ta ba. Almakashinta ma ya ɗauka ya huda aljihun gaban jallabiyarsa daidai idon wayar. Sai dai ba shi da ranar hutu a tasha in ban da guda ɗaya, don haka ita ya zaɓa. Juma'a ce. A duk cikin kwana bakwai na Allah, ranar da abokin shari'a ya rantse yana zuwa gida ita Dogo ya ga ta dace ya kawo shi.

Ya iske Salahuddin a bayan shago yana aske gemu.

"Ahlan, surukina! Yau wace rana?"

"Ba zumunci ne ya kawo ni ba."

"To sha shayi, sannan ka gaya mini abin da ya kawo ka."

Ya sha kofi uku, yana ɗaure fuska tsakanin kowane kofi don kada a ce ya sauko. Sannan ya ce tsohon keken ɗinkin da Salahuddin ya bari a gida Barira za ta ba 'yan gwangwan gobe, in yana son abinsa ya zo ya ɗauka yau.

"Yau?" Salahuddin ya tsaya da reza a hannu. "Yau Juma'a?"

"Yau ɗin nan."

Salahuddin ya yi wani murmushi. Dogo ya ɗauka murmushin wanda ya faɗa tarko ne, har ya tausaya masa kaɗan. A hanya telan ya tsaya ya sayi ayaba da lemo cike da leda, irin tsarabar magidanci, ya miƙa wa Dogo ya riƙe masa. A motar komawa Bahri aka matse su kamar dabino a buhu, wani mai ɗauke da fanka ya danne ƙirjin Dogo tun daga gada har tasha. Da suka sauka Dogo ya zura yatsa a aljihu ya danna wayar ba tare da ya fito da ita ba, don gwani ba ya duba kayan aikinsa sau biyu.

Suka iso bakin layi daidai an sauko daga masallaci. Dogo ya ja ya tsaya.

"Wuce gaba."

"Ni? In shiga gaban yayan matata? Wallahi ba za a yi ba. Tafaddal, bismillah."

"Ai gidanka ne, ka fi ni sanin hanya."

"Ko gidana ne, babba babba ne. Mutum kamarka, da alƙalai ke gaisarwa?"

Maganar ta shiga Dogo har ƙashi, saura kaɗan ya taka. Ya dai daure.

"Ya zol, kai malam, na ce ka wuce!"

"Sai dai mu kwana a nan."

Suna cikin wannan ja-in-ja, kowa yana tura ɗan uwansa da kafaɗa, Haja Uwa ta fito zubar da ruwa. Ta kare ido da hannu, ta duba, ta sake dubawa. Sai ta yar da kwanon ta rangaɗa guɗa.

"Jama'a, ku fito! Salahuddin ya dawo! Mijin Barira ya dawo!"

Kafin Dogo ya buɗe baki layi ya cika. Masu dawowa daga masallaci suka yi caa, wannan ya dafa kafaɗa, wancan ya rungume, kowa yana "Hamdilla ala salama, barka da dawowa!" Haja Uwa ta kama hannun Salahuddin ta ja shi, jama'a suka bi, suka kwana lungun baya suka shige ta sabuwar ƙofa. Dogo yana baya da ledar ayaba yana ihu, "Ku sake shi! Ku bar shi ya nemi hanya da kansa!" Wani dattijo ya juyo ya ce Allah ya yi masa albarka, da ya je har Umdurman ya dawo wa ƙanwarsa da miji.

Aka shimfiɗa wa Salahuddin darduma a kan gadon igiyar Barira a tsakar gida. Ita tana can ƙofar masallaci da butocinta, ba ta san wainar da ake toyawa ba. Almahdi mahauci ya share murya.

"Mutum ya dawo bayan wannan zamani, ai sai an zubar da jini. Karama ta zama dole. Ni zan kawo rago."

Karama dai ita ce yankan godiya da ake yi wa wanda ya dawo daga doguwar tafiya ko ya tashi daga ciwo, a ci a yi addu'a. Da Dogo mai hankali ne, da sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Amma abin da kunnensa ya jiyo shi ne wani ƙato zai yi yanka a gidan ubansa, shi yana tsaye, gobe a ce a tasha Dogo ya kasa.

"A gidan wa?" ya daka tsawa. "Ina raye? Alayyat-talak, babu mai yanka a gidan nan sai ni!"

In namiji ya rantse da igiyar aurensa a bainar jama'a, gardama ta ƙare, sai dai a taya shi cikawa. Dogo kuwa ko kaza ba shi da ita. Rago ɗaya ne a gidan, na Khadiga, wanda ta yi wata bakwai tana kiwo don Layya.

"Auren wa kake rantsuwa da shi?" Khadiga ta fito da ludayi a hannu. "Kuma ragon wa?"

"Haƙuri za ki yi, Khadiga," in ji Almahdi, ya riga ya fara wasa wuƙa. "Ko ragon, ko auren."

"To ku dakata in yi tunani."

Mata suka rufe ta da ban baki, maza suka kwance rago. Da nama ya fara ƙamshi Dogo ya manta da abin da ya tara mutane. Ya naɗe hannun riga, yana zaga tire yana tura wa baƙi tsoka, yana ba da labarin yadda ya tsallaka gada shi kaɗai. Salahuddin ya ɗan janye hannu don kara, Dogo ya dafe shi.

Barira ta dawo da la'asar, murhu a ka, butoci a hannu. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ga fatar rago a shanye, ga mutum arba'in suna suɗe hannu, ga mijinta a kan gadonta yana sakace.

"Sannu da aiki, uwargida," in ji Salahuddin da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

Ba ta dube shi ba. Yayanta ta duba.

"Yaya, wannan ce ƙofar da ba zai gane ba?"

Ta shige ɗaki ta rufe, ta yi kukan da ba ta yi ba a shekara ukun nan, don da can shaida ce kawai ba ta da ita, yanzu kuwa mijin ne ke da arba'in. Kafin magariba Salahuddin ya yi sallama ya koma Umdurman da cinyar rago a ƙunshe, ko tambayar keken ɗinkin bai yi ba. Dogo ya tsaya a bakin ƙofar Barira yana buga aljihu.

"Kada ki damu. Komai yana cikin waya."

Ranar komawa kotu, benci ya cika. Salahuddin ya gayyato teloli shida daga layinsu su ga yadda ake cin shari'a. Shaidunsa kuwa Haja Uwa da Almahdi ne, sun zo da gudu, tunda wannan karon gyara aure aka ce musu.

Alƙali ya tambayi Barira shaidunta. Kafin ta amsa Dogo ya miƙe.

"Maulana, ni ne wakilinta, kuma tsohon ma'aikacin wannan waje. Ina da hujjar da ta fi shaidu goma."

"Ka duba abin da ke ciki?"

"Ni na ɗauka da kaina, Maulana."

Magatakarda ya karɓi wayar ya kunna. Allo ya yi duhu. Can sai ga wani abu fari-fari mai huda, yana hawa yana sauka. Aka daɗe ana kallo kafin a gane singiletin Dogo ce, don mai fanka ya juya wayar tun a mota, idonta yana kallon ciki. Amma kunnenta garau yake. Aka ji guɗa, aka ji kukan rago, aka ji Khadiga tana cewa a dakata ta yi tunani. Magatakarda ya matsa gaba. Sai ga muryar da ke cika motar Madani ta cika kotu:

"Ci mana, Salahuddin! Kai baƙo ne? Yaushe ka zama baƙo a gidan nan? Gidanka ne jiya, gidanka ne yau! Wallahi mu kullum kana tare da mu!"

Dariya ta ɓarke, har ɗan sandan kotu sai da ya juya baya.

"Wace rana ce wannan?" in ji alƙali.

"Juma'a, Maulana," in ji Salahuddin a natse. "Kamar kullum."

"Maganar cin abinci ce!" Dogo ya yi tsalle. "Doka ba ta kama maganar da aka yi a kan tire! Sashe na ɗari da, da wani abu, ya faɗa!"

"Sashe na nawa?"

"Yana nan dai wajen tsakiyar littafin."

"Fitar da shi."

Ɗan sanda ya tasa ƙeyarsa, rawani yana warwarewa a baya, teloli suna tafi. Dogo ya zaga ta bayan ginin ya ɗafe taga. Tsawonsa dai ya yi masa rana, ya leƙa ta tsakanin ƙarafa. Daga nan ya hango ƙanwarsa tsaye ita kaɗai a gaban alƙali, ƙarama da ita cikin mayafi. A karo na farko tun da aka fara wannan magana, ya ga abin da ya jawo mata.

Aka rantsar da Haja Uwa da Almahdi. Suka tabbatar sun ga Salahuddin a gidansa ranar Juma'a, ya ci ya sha, an yi addu'a. Alƙali ya jawo takarda. Ya tambayi Barira ko tana da abin cewa.

"Tambaya ɗaya, Maulana. A tambayi Haja, ragon na mene ne?"

"Yo karama mana, 'yata!" Haja Uwa ba ta ma jira alƙali ba. "Mutum ya shekara uku ba a ga ƙeyarsa ba, ya dawo da ransa, ba za a yanka ba? Ni da farko ban ma gane shi ba, ya yi ƙiba. Da ban riƙe hannunsa ba, katanga ya nufa."

Alƙali ya ajiye biro. Ya dubi Almahdi.

"Ana yi wa mai zuwa kowace Juma'a karama?"

"Haba, Maulana. Da haka ne ai da babu sauran rago a Kuku."

Sai a lokacin Haja Uwa ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta rufe shi da gefen mayafi. "Ni fa gyara na zo," ta ce a hankali.

"Kin gyara, Haja," in ji alƙali. Ya juya kan Salahuddin. "Bayan an ci ragon, a ina ka kwana?"

Salahuddin ya waiga benci, ya ga teloli shida sun zuba masa ido, ɗaya har ya fara gyara zama irin na mai tattara labari. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin rawani.

"Maulana, dakata, kada ka rubuta komai. Babu kotun da za ta sakar mini mata. Ni da bakina zan saki abata."

"Bismillah, muna ji."

Ya faɗa, magatakarda ya rubuta, aka buga hatimi.

Dogo ya saki taga ya zago da gudu, ya riga ya shirya jawabinsa: yadda tun farko ragon dabara ce, yadda ya juya wayar da gangan don ya ruɗa abokin gaba. Ya tarar Barira ta fito ta wuce kowa, ta je gindin wata bishiya inda wata mai shayi ke da 'yan kujeru, ta zauna. Ita da ta shekara goma tana miƙa wa mutane kofi, yau ta ce a haɗa mata, da na'ana'a. Takardar tana kan cinyarta, ta dafe ta da hannu biyu. Ba ta iya karatu sosai ba, hatimin kawai take kallo, tana dariya hawaye na zuba.

Dogo ya tsaya a kanta da jawabinsa a baki. Ya dubi hannuwan nan. Sai ya jawo kujera ya zauna, ya shiga naɗe rawaninsa. Waɗanda suka san shi sun ce ba a taɓa ganin ya yi shiru mai tsawon wannan ba, don har ruwan shayin ya tafasa bai tanka ba.

Mai shayin ta miƙo kofi, ta dubi takardar, ta dubi fuskar Barira.

"Mabruk, barka, 'yar uwa. Wa ya tsaya miki?"

Dogo ya gyara zama, ya share murya.

"Ai ni ne na..."

"Yaya."

"...na ce a ƙara mata sukari."